Taliyar da Ba a Shanyawa

A unguwar Birni ta Damagaram, in aka ce taliya to Hajjo ake nufi. Ba ta leda nake faɗa ba, wadda ake tulawa a kantunan kasuwar Dole. Ta murji nake nufi, wadda ake kwaɓa fulawa da gishiri, a murza a ɗan inji mai hannu, a shanya a igiya har ta bushe ƙamas. Tun tana amarya take wannan sana'a, yanzu ga ta da jikoki. Duk wadda ta shiga gidanta da hantsi sai ta sunkuya, don tsakar gidan igiyoyi ne daga katanga zuwa katanga, taliya na reto a kai. Mata na zuwa saye in za a yi suna ko biki, amma wadda ta fi daɗi ba ta sayarwa ba ce. Ita ce wadda ke fita ƙofar gida bayan magariba, da mai da yaji da soyayyiyar albasa.

A lungunsu magidanta ba sa cin abincin dare a cikin gida. Da an idar da magariba sai a shimfiɗa tabarma a jikin katangar Malam Illa, mijin Hajjo, kowa ya fito da kwanon gidansa a jera, a ci wannan a ture, a jawo wancan. Ciyayya ke nan. Tana da dokarta kuwa, ko da ba wanda ya taɓa tsayawa ya faɗe ta: ba a tsallake kwano. Dole ka sa hannu a na kowa. In ka janye hannunka daga tuwon wani, kafin gari ya waye matarsa ta ji labari, kuma ba za ta ce ƙoshi ka yi ba, cewa za ta yi ka raina girkinta.

Malam Illa baduku ne, yana da rumfa a bakin hanyar fada inda yake ɗinka jakunkuna da takalma. Mutum ne mai son mutane, mai surutu, wanda in ya fara ba da labari sai tuwo ya huce. To, shi ne ƙishirwa ta fara damunsa, da yawan fita kewaye, da jiri. Da ƙyar Hajjo ta tura shi asibiti. Lokotoro ya yi masa analiz, wato gwajin jini, ya ce ciwon sukari ne, ya ba shi magani, ya kuma ɗora shi a kan rejim na abinci. Shayi ba sukari, tuwo da shinkafa ɗan kaɗan, taliya kuwa ya yi nesa da ita.

Ya yi ƙoƙari, kada a ce bai yi ba. Ya ci gaba da fita da niyyar ya taɓa loma ɗaya a kowane kwano. Amma wa ya ga loma ɗaya a ciyayya? Ga tuwon gidan wane, ga shinkafar gidan wane, ga mai kwano yana turo maka yana cewa ci mana. Daga ƙarshe a buɗe taliyar Hajjo, ƙamshi ya tashi, duk niyyar ta watse. Wata safiya ya tashi ido na yi masa hazo, ya je rumfa ya soke yatsansa da basilla, ciwon ya daɗe bai warke ba. Ya tsorata ƙwarai. Daga ranar ya daina fita ciyayya.

Kuma ya hana a faɗa. Ya ce wa Hajjo shi ba ya son a riƙa binsa da sannu a hanya, ana kallon ƙafarsa ana lissafin ranar da za a yanke ta. Ya ga yadda aka yi wa wani mai ciwon a unguwar, da ransa da motsinsa amma ana maganarsa kamar ya riga ya tafi. Don haka in abokansa sun yi sallama sai ya ce ya ci a ciki, gobe ya ce ciki ke damunsa, jibi ya ce ya gaji. Da suka gaji da sallama sai suka naɗe tabarmarsu suka koma jikin katangar Sallau, taubashinsa, wanda gidansa ke manne da nasu. Kwanon Hajjo ya daina fita, don kwano ba ya fita ba mai shi.

Shi ke nan mutum ya koma cin dafaffen zogale shi kaɗai a ɗaki, ya ƙure rediyo don kada ya ji dariyar da ake yi a waje. Sukarin ya sauka, wannan gaskiya ne. Amma Illa ma ya sauka. Ya daina ba da labari, ya daina tsokana, in an ba shi abinci ya taɓa ya ture. Hajjo ta duba ta ga ba ciwon ne zai kashe mata miji ba, kaɗaici ne. Tsoro ya kama ta, ta rasa wa za ta faɗa wa, sai autarta Zahra'u da ke aiki a wani farmasi, kantin magani, a Yamai. A waya ta faɗa mata, tana ƙasa da murya a bayan madafa.

Ba a daɗe ba Zahra'u ta aiko da ɗan kwali a kar ɗin Yamai, babbar motar fasinja, ta kuma turo bokal, wato saƙon murya, a salula. A farkon saƙon ta yi bayani cewa wannan wata taliya ce da ake yi da wata saiwa mai kama da gwaza, can ƙasashen Asiya. Ta ce kusan duk ruwa ce, ba ta sa ƙiba, ba ta tayar da sukari, kuma ta tambayi lokotoro ya ce Baba zai iya ci. Hajjo na ji tana gyaɗa kai. Sai yarinyar ta ce, “To Inna, ki saurara da kyau, ga yadda ake dafa ta.” A nan Hajjo ta kashe salular. Ita za a koya wa taliya? Yarinyar da ta goya a baya tana murza inji?

Ta buɗe kwalin ta tarar da 'yan ledoji kaɗan, kowace da taliya fara tas tana iyo a cikin ruwa. Ta yanka ɗaya, wani ƙarni ya bugi hancinta kamar na ɗanyen kifi. Nan take ta gane matsalar, a nata ganin. Mutanen nan ƙulle taliyar suka yi ba su bari ta bushe ba, ga shi ta kwana a hanya cikin zafin mota, ta fara lalacewa. Ta yi tsaki, ta ce masu manyan injuna amma ba su san ana shanya taliya ba. Ta yanke rabin ledojin, ta tsiyaye ruwan, ta ware silin ɗaya bayan ɗaya, ta rataya a igiya kusa da tata. Abin na zamewa daga hannunta tana kamowa. Ta gama ta wanke hannu, ranta fari, ta ce ranar Damagaram za ta gyara abin da suka ɓata.

Rana kuwa ta yi aikinta. Da la'asar Hajjo ta fito kwashewa, ta tarar da tata taliyar ta bushe yadda ta saba. A inda ta rataya ta Yamai kuwa sai ta ga kamar ba komai. Sai da ta matsa ta ƙura ido sannan ta ga wasu 'yan zarurruka sun ƙanƙance sun manne a igiya kamar gemun masara. Abin da ya cika kwano da safe, yanzu duka bai cika tafin hannu ba. Ta ɓamɓaro, ta zuba a tafasasshen ruwa ko zai dawo, ya ƙi. Ta ciji ɗaya, haƙori ya kasa. Tana tsaye tana jujjuya shi Illa ya shigo daga rumfa, ya tambayi mene ne. Da ta faɗa masa sai ya karɓa, ya ja da hannu biyu, ya ce in ba ta so ta ba shi ya ɗinka takalmi da shi. Ya yi 'yar dariya, gajeriya, ya wuce ɗaki. Hajjo ta ji kunya har cikin ranta, amma ta lura da dariyar, don ta manta rabon da ta ji ta.

Sai ta ɗauko salula ta zauna a kan turmi ta saurari bokal ɗin har ƙarshe. Ashe ƙarnin ba lalacewa ba ne, na ruwan da ake ajiye ta ne. A wanke ta sosai a ruwa mai yawa, a tafasa kaɗan, a tace, sannan a zuba a busasshiyar tukunya ba mai ba komai, a yi ta juyawa har ta daina tururi ta fara ƙara. Daga nan a zuba ta cikin miya ta sha, don ita kanta ba ta da ɗanɗanon komai. A can ƙarshen saƙon yarinyar ta ce, “Kuma Inna, don Allah kada ki shanya ta, na san halinki.” Hajjo ta dubi igiya, ta kashe salular.

Washegari ta bi bayanin tiryan-tiryan. Ta yi miyar tumatir da albasa da tattasai, ta sa 'yar daddawa da ɗan naman rago, ta zuba taliyar ta bar ta ta sha. Illa ya ci a ɗaki. Ya tauna ya tauna, ya ce abin na tsalle a baki kamar roba, kuma wannan ko ƙanwar taliyarta ba ta kai ba. Amma bai ture kwanon ba, ya cinye har ya suɗe miyar. Da safe ya biya farmasi aka auna shi, ya dawo ya ce sukarin na nan inda yake. Ya faɗa kamar ba komai, amma ta ga nishaɗinsa a yadda ya rataye hularsa.

Daga nan dabara ta zo wa Hajjo. In yana da kwanon da zai ci ya ƙoshi a ciki, ai zai iya zama a ciyayya, ya ɗan lasa na sauran don fita hakki. Ta san abin da zai biyo baya. Mutanen da suka yi shekaru suna cin taliyarta za su ɗanɗana wannan su ce hannun Hajjo ya mutu, kuma maganar za ta zaga Birni. Ta yini tana juya abin a ranta tana murza inji. Da magariba ta yi, ta dafa leda biyu, ta zuba a babban kwanon da ya daɗe a kife, ta tare Illa a zaure yana dawowa daga masallaci, ta ɗora masa a hannu.

“Malam, yau ban girka komai na ɗaki ba,” in ji ta. “In za ka ci, a waje ne.”

Ya dube ta, ya dubi kwanon. Ya fara cewa ai ta san, sai ta ce ta sani, ta juya ta shige. Ba ta yi nisa ba, bayan ƙyauren zaure ta laɓe. Ya daɗe a tsaye. Can ta ji takunsa ya fita.

Daga zauren ana jin duk abin da ake faɗa a jikin katangar Sallau. Ta ji sallamarsa, ta ji an amsa, amsa irin ta mutanen da ba su san da wace fuska za su karɓi baƙo ba. Sallau ne ya fara magana. Ya ce a matsa wa ango, ya fito daga ɗakin amarya. Aka yi dariya, aka matsa. Mamman tela ya ce tunda kwanon Hajjo ya dawo, yau da shi za a fara, ba za a jira ƙarshe ba. Sai a nan ne Hajjo ta tuna abin da ta manta. Dokar da ta hana Illa tsallake kwanon wasu ita ce za ta sa kowa ya sa hannu a nasa. Hannuwa da yawa, taliya leda biyu. Kafin ya yi loma uku an share, a bar shi da tuwo da shinkafa a gabansa.

Ta ji an buɗe murfi. Ta ji an yi bisimilla. Sai Sallau ya ce wannan abu ya ƙi zama a hannu, yana damƙa yana gudu. Wani ya ce shi ya tauna har muƙamuƙinsa ya gaji bai ji ta narke ba. Mamman tela, mai kunya ne shi, ya ce miyar dai ta yi daɗi. Sallau kuwa da yake taubashi ne ba ya taunar magana.

“Illa, gaya mana gaskiya. Hajjo ta tsufa ne, ko injin ne ya lalace? Wallahi in ta kai wannan gidan suna sai an biyo ta da ita.”

Hajjo ta runtse ido. Ta shirya wa maganar, amma da ta zo sai da ta soke ta. Ta jira ta ji Illa ya bi su da dariya ya ce ai kuskure ne, gobe za a gyara. Hanya mafi sauƙi ke nan, kuma da ya bi ta ba za ta riƙe shi ba. Bai bi ta ba. Sannan muryarsa ta fito, a hankali.

“Hannun Hajjo lafiyarsa lau. Ba ita ta murza wannan ba, daga Yamai aka aiko. Ni ne ba ni da lafiya. Ciwon sukari gare ni, an hana ni taliya, an ce in rage tuwo da shinkafa. Wannan kaɗai zan iya ci in ƙoshi. Shi ya sa kuka daina ganina.”

Ba wanda ya ce masa sannu. Faɗa ma Sallau ya rufe shi da shi. Ya ce ashe wannan ne, su kuwa suna nan wata da watanni suna zargin junansu, kowa na tunanin shi ya ɓata wa Illa rai. Mamman tela ya ce shi har ya kasa barci, ya ɗauka maganar da ya yi ce a kan ɗinkin wata jaka, saura kaɗan ya tura limami biko. Wani dattijo ya ce shi ma hawan jini gare shi, kuma bai ga an cire masa hula a kai ba. Sallau ya ce Illa tun suna yara haka yake, in ƙaya ta soke shi sai ya ɓoye ƙafar har ta yi ruwa.

Daga nan Hajjo ta ji ƙarar kwano ana jansa a kan tabarma. Sallau ya ce kowa ya cire hannunsa, wannan maganin mutum ne, ba a cinye wa mara lafiya magani. Ya ce Illa ya ci abinsa, kuma duk matar da ta ji haushin an tsallake tuwonta a turo ta wurinsa. Ranar aka fara tsallake kwano a lungun, kuma kwanon Hajjo ne, wanda a da ake rububi. Ta zauna a dandaryar zaure a cikin duhu, tana jin mijinta yana ci yana rama wa Sallau baƙar magana. Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta.

Sai dai taliyar Yamai ba mai yawa ba ce, ga rabi rana ta cinye. Zahra'u ta ce a babban kanti ɗaya kawai ake samunta, ba kullum ba, kuma ba abin da za a riƙa ci kowane dare ba ne a gidan baduku. Ta ce za ta aiko in ta samu. Hajjo ta riƙa tsimi, rabin leda ta haɗa da kabeji, rabi ta haɗa da wake, har aka zo ranar da kwalin ya zama wayam. Ta tashi da damuwa. In ya fita da ɗan zogale ya zauna yana kallon mutane suna cin tuwo, kwana nawa zai jure kafin ya koma ɗaki?

Tana kwaɓa fulawa da hantsi sai ga Kulu, matar Sallau, ta shigo tana sunkuyawa ƙarƙashin igiyoyi. Bayan gaisuwa ta ja kujera ta zauna, ta ce ba saye ta zo ba. Ta ce maigidanta ya tara matan lungun ta bakin mazajensu, an yanke cewa kowane dare gida ɗaya zai fitar da abin da Malam Illa zai iya ci, a riƙa zagayawa, kuma kowa zai ci tare da shi, don ba kyau mutum ya riƙa cin nasa shi kaɗai a tsakiyar jama'a. Yau ita ce da farawa.

“To Yaya Hajjo, faɗa mini abin da lokotoro ya yarda da shi da wanda ya hana. Kada in je in kashe miki miji da alheri.”

Hajjo ta dube ta. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da kwaɓi har ta samu kanta, sannan ta shiga lissafa mata: zogale, rama, kabeji, wake, kuɓewa, kifi, ƙwai, mai kaɗan. Kulu na ji tana maimaitawa. Da za ta tafi ta ce a nuna mata taliyar nan da ake ta labari, wadda aka ce tana gudu a hannu. Hajjo ta ce ta ƙare, amma in an sake aikowa za ta koya mata, don dahuwarta sai wanda ya sani.

Da magariba Illa ya ɗauki kwanonsa da kansa, ba wanda ya ce masa ya fita. Ya daɗe a waje, har aka yi isha'i aka dawo aka ci gaba da hira. Da ya shigo Hajjo na wanke-wanke a bakin rariya. Ya ajiye kwanon kusa da ita, ya tsaya yana sakace, fuskarsa a murtuke. Ta tambaye shi lafiya.

“Kwaɗon zogalen Kulu,” in ji shi, yana rage murya. “Gishiri ya yi yawa, ƙuli-ƙulin kuma bai daku ba. Na ci dai don kada ta ji haushi. Gobe na gidan Mamman ne, Allah ya sa ta fi ta hannu. Ki ɗan leƙa ki gani, amma kada ki ce ni na faɗa.”

Ya shige ɗaki yana ta mita. Hajjo ta ce to, za ta leƙa. Ta jawo kwanon ta sa a ruwa, tana dariya, hawaye na zuba a kan hannunta.